Kwana Biyu a Bartne, Ƙauyen Masu Sassaƙa Dutse

Ni na jawo mana rasa motar. Mun sauka a Gorlice, wani gari a kudancin Folan, da hantsi, abokina ya ce mu zarce inda ƙananan motocin ƙauye ke lodi, ni kuwa na kafe sai na ga wurin da aka fara kunna fitilar kananzir a bakin titi. A garin nan Ignacy Łukasiewicz, mai haɗa magunguna, ya zauna yana tace ɗanyen man da ke tsattsafowa daga ƙasa a kewaye, kuma a 1854 aka kafa fitilarsa a wata mararraba. Wanda ya yi karatun firamare da fitilar ƙwai ai ba ya zo har nan ya wuce bai gai da kakar fitilu ba. Na gaishe ta, na ɗauki hoto, muka dawo muka tarar motar Bartne ta yi gaba, mai bi mata sai yamma.

Abokin nawa bai ce uffan ba. Tare muke karatu a Krakow, shi ne kuma ya matsa mini in zo. A kusa da Legnica aka haife shi, can yammacin Folan, amma duk wanda ya tambaye shi garinsu sai ya ambaci waɗannan tsaunuka na kudu maso gabas, inda bai taɓa yin wata guda cur ba. Da farko na ɗauka irin namu ne, a haifi yaro a Legas ya tashi yana cewa shi Bakatsine ne. Ashe abin ya fi haka nauyi. Fatauci ke kai namu Legas, kakarsa kuwa a taragon dabbobi aka kai ta Legnica.

Wani mai ƙaramar motar kaya da zai je Bodaki ya rage mana hanya. Daga Gorlice zuwa Bartne wajen kilomita 20 ne, hanyar na bin rafi tana lanƙwasa. A Sękowa muka wuce wani tsohon cocin katako da rufinsa ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, kamar mutum ya kifa malafa ta rufe masa kafaɗu, yana cikin waɗanda UNESCO ta sa a jerinta a 2003. Wannan na Katolikan Folan ne, in ji direban, daga nan gaba kuma sai ka fara ganin kubba mai siffar albasa, ka shiga ƙasar ƙabilar Lemko ke nan. Haka kuwa aka yi. Ya sauke mu a Bodaki, muka ƙarasa da ƙafa.

Wanda ya ji an ce tsaunukan Karpat zai zaci kololuwa masu ƙanƙara irin na hoton kalanda. Wannan yanki sunansa Beskid Niski, wato Beskid gajere, kuma sunan bai yi ƙarya ba, nan ne jerin tsaunukan ya fi dusashewa. Mafi tsayinsu a ɓangaren Folan, Lackowa, mita 997 ne, ko dubu bai cika ba. Tuddai ne masu doron raƙumi, daji ya lulluɓe su, tsakanin kowane biyu akwai kwari da rafi. Gajartar tasu ce ta zame musu jaraba, domin ta nan ne ya fi sauƙin tsallakawa daga arewa zuwa filayen Hangari. 'Yan kasuwa sun bi ta nan, rundunonin yaƙi ma ta nan suka bi. A wannan siririyar ƙasa, mai tsawon kusan kilomita 150 daga kogin Poprad zuwa wajen kogin Osława, a kan iyaka da Sulobakiya, mutanen Lemko suka zauna ɗaruruwan shekaru.

Sunan ma tsokana ce ta maƙwabta. A harshensu suna yawan cewa "lem", ma'ana "kawai" ko "amma", kalmar da maƙwabtansu na gabas ba sa amfani da ita, sai aka laƙaba musu. Su dai Rusnak ko Rusin suke kiran kansu tun asali. Harshensu ɗan'uwan na Yukren ne, da haruffa irin na Rasha suke rubuta shi, ya kuma kwashi kalmomi daga Folan da Sulobakiya. Ko su reshen al'ummar Yukren ne ko al'umma ce mai zaman kanta, wannan gardama ce da har yau ke raba 'yan gida ɗaya. Abokina ya gargaɗe ni tun a hanya kada in tayar da ita a kan tabarmar cin abinci.

Bartne ba shi da tsakiyar gari. Na yi ta zuba ido in ga dandali ko kasuwa ko ƙofar mai gari, babu. Gidaje ne jere a bakin rafi, ɗaya bayan ɗaya, tsawon kilomitoci, kowane gida gonarsa ta miƙe ta bayansa siririya ta hau tudu har bakin daji. Tsarin tsohon rabo ne. A ƙarni na 16 masu ƙasa suka riƙa zaunar da makiyaya a waɗannan kwaruruka bisa abin da ake kira dokar Walakiya: a ba jagora kwari ya kawo mutane, a yafe musu haraji na wasu shekaru har su sare daji, daga baya su riƙa biya da tumaki da cuku. Sunan ƙauyen kuwa, wanda su suke furtawa Bortne, ana danganta shi da kalmar kogon itace da ake yi wa ƙudan zuma a daji. Da na ji haka sai amyar da ake ratayawa a kan kuka a garinmu ta faɗo mini.

Gidan da muka sauka na wasu dattawa ne, dangin kakar abokina na nesa. Sabon gini ne na bulo, amma a gefensa tsohon gidan na nan, irin wanda suke kira chyża. Dogon gini ne na gungumen itace da aka jera kwance, rufi ɗaya ya haɗa komai: ɗakin kwana da murhu a wannan kai, sai zaure, sai wurin sussuka, sai garken shanu a ɗaya kan, ciyawar rani a sama ƙarƙashin rufi. An shafe gungumen da baƙin mai, an bi tsakaninsu da farar ƙasa, sai ginin ya fito da zane-zane baƙi da fari. Da na tambayi dalilin haɗa mutum da saniya a rufi ɗaya, maigidan ya nuna mini da hannu inda ƙanƙara ke kaiwa a jikin bango da hunturu. Wanda zai yi tatsa da asuba a watan Janairu ba ya son taka waje.

A nan na yi abin kunyata na biyu. Na rusuna na gai da dattijon, tarbiyya ta rinjaye ni na ce masa "Baba". Matarsa ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofa. Ashe a harshensu "baba" kaka mace ce, namiji "dido" ake ce masa. Dattijon ya shafa gemunsa da ba shi da shi, ya ce wa abokina ya gaya mini shekara tamanin da ɗoriya yana duniya ba a taɓa mai da shi tsohuwa ba sai yau. Daga nan na koma ce masa Dido, ita kuma na ce mata Baba da zuciya ɗaya, tun da mu ma muna da babar da ake faɗa wa mace.

Abokina ya riga ya gaya musu ba na cin naman alade, ba na shan giya. Baba ta ce wannan ba wahala, su da suke azumin barin nama makonni kafin Kirsimeti da Ista sun san girkin da ba nama. Ta kawo wata miya mai kauri da suke kira kysełycia, ta garin wani hatsi ɗan'uwan sha'ir da ake jiƙawa ya kwana biyu ya yi tsami, a dafa da tafarnuwa, a zuba a kan dankali. Cokalin farko na ji kamar koko ne aka yi wa gishiri. Na biyu ya fi na farko. Ƙasar nan ba ta alkama ba ce, duwatsu ne da laka da sanyi, abin da take bayarwa shi ne wannan hatsi da dankali da kabeji, sauran kuma sai abin da saniya da tunkiya suka kawo. Talaucin ne ya sa tun ƙarshen ƙarni na 19 samarinsu suka riƙa tafiya Amurka haƙar kwal a Pensilbaniya.

Da la'asar sakaliya muka je ganin cocin, ko in ce cocinan, domin biyu ne a ƙauyen da mutanensa ba su wuce wajen 200 ba, kuma duka biyun sunan waliyyai ɗaya suke ɗauke da shi, Kosma da Damiyan, likitocin da aka ce ba sa karɓar kuɗin magani. Tsohon an gina shi a 1842, katako ne tun daga tushe har sama, an lulluɓe shi da ƙananan fale-falen itace kamar ɓawon kifi, da kubba uku masu bin juna a tsayi. Na Katolikan Girka ne, masu ibada irin ta gabas amma suna bin Fafaroma. Yanzu gidan tarihi ne. A ciki akwai bangon katako cike da hotunan tsarkaka wanda ya raba masu ibada da wurin limaminsu, ga ƙamshin tsohon itace da sanyi mai shiga ƙashi.

Na biyun kuwa rigima ce ta haife shi. A 1926 mutanen wani ƙauye mai suna Tylawa suka bar Katolikan Girka suka koma Otodoks, ɗarikar gabas da ba ta bin Fafaroma, abin ya bazu ƙauye bayan ƙauye, har ya iso Bartne. Amma doka ta bar ginin a hannun tsohuwar ɗarikar, don haka masu rinjaye suka bar wa marasa rinjaye cocin kakanninsu, suka gina nasu a ƙarshen shekarun 1920. Shi ne ake ibada a cikinsa yau. Ban yi mamaki ba ko kaɗan, na san unguwar da masallatan Juma'a biyu ke kallon juna.

Rigimar tana da tushe a yaƙin duniya na farko. Lokacin yankin na ƙarƙashin Ostiriya, wadda ta karɓe shi tun 1772, kuma da yaƙi ya tashi a 1914 hukuma ta zargi Lemko da son Rasha. Aka kwashi limamai da malamai da manoma zuwa sansanin Talerhof kusa da Graz, da yawa ba su dawo ba. Wani limamin Otodoks ɗan ƙauyen Zdynia, Maksym Sandowicz, a Gorlice aka harbe shi a watan Satumba na shekarar. Sai kuma yaƙin kansa ya zo har gida: ranar 2 ga Mayu 1915 sojojin Jamus da Ostiriya suka fasa layin Rasha a Gorlice, kuma har yau tuddan nan cike suke da maƙabartun soja, inda aka binne waɗanda suka kashe juna a shinge ɗaya.

Washegari ita ce ranar da na zo dominta ban sani ba. Dido ya ce in ina son in gane Bartne in daina kallon katako in kalli dutse. Ya kai mu bayan tsohon gidan ya kawar da ciyawa da sandarsa, sai ga wani faifan dutse mai rami a tsakiya, rabinsa a binne. Dutsen niƙa ne na hannu, mai hawa biyu, na sama yana juyawa a kan na ƙasa. Na durƙusa na shafa shi. Namu na gida shimfiɗaɗɗe ne, mace ta durƙusa tana tura ɗan dutse gaba da baya tana waƙa, wannan kuwa juya shi ake yi da sanda, amma santsin da hatsi ya bari a fuskarsa iri ɗaya ne da na dutsen kakata.

Kowane ƙauye a nan da sana'ar da aka san shi da ita, in ji Dido. Mutanen Łosie fataken man shafa wa ƙafar keken doki ne, sun kai shi ƙasashe masu nisa. Na Nowica cokulan katako suke sassaƙawa. Bartne kuwa dutse. A saman ƙauyen akwai tsaunin Magura Wątkowska, mai tsayin mita 846, jikinsa dutsen yashi ne mai daɗin sara. Can mutanen ƙauyen suke haƙo shi, su sauko da shi, su yi duwatsun niƙa na gida da manya na injin ruwa, da na wasa wuƙa da lauje, su loda a keken doki su kai kasuwanni. Da kuɗin Amurka ya fara shigowa sai aikin ya ƙaru da wani abu: duk wanda ya dawo lafiya, ko ya tsira daga wata masifa, sai ya sa a sassaƙa masa gicciyen dutse a kafa a bakin hanya a gaban gonarsa, da sunansa da shekara. Haka ma duwatsun kabari. Ya ce in na ga gicciye a ko'ina cikin kwarurukan nan, in ƙaddara hannun mutanen Bartne ne.

Muka kama hanyar gabas ni da abokina, muka haura mashigar Majdan. Tun a Krakow ya ce in sayi takalmin daji, na ce wanda ya yi damina a ƙauyenmu ba a koya masa taɓo. To, taɓon Beskid Niski wani abu ne daban. Laka ce mai danƙo kamar an kwaɓa ta don yaɓe, ta kama takalmina na dama ta riƙe, na fito da ƙafa da safa kawai, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, abokina na ta ɗaukar hoto. Ramuwar motar jiya ke nan.

Bayan mashigar muka gangara wani kwari, cikin gandun dajin Magura da aka kafa a 1995. Ba gida ko ɗaya. Rafi ne da ciyawa da itatuwa. Abokina ya ce mun shigo Świerzowa Ruska. Na ce ina? Ya ce nan, muna tsakiyar gari.

Sai idona ya buɗe, domin na san kufai. A wajenmu in ka ga kukoki sun taru a fili ba dalili, ga ramukan marina da fasassun tukwane, ka san gari ya taɓa zama. A nan itatuwan tuffa ne ke tona asiri. Suna tsaye rukuni-rukuni a bakin rafi, tazara ɗaya tsakaninsu, sun tsufa sun karkace, gansakuka ta rufe su, amma ga 'ya'ya sun zuba a ƙasa ba mai tsinta. Kowane rukuni gida ne. In ka matsa kusa sai ka ga ramin rumbun ƙasa da aka jera wa duwatsu, ko bakin rijiya. Sannan ga gicciyen, ɗaya bayan ɗaya a gefen hanyar da ta zama turba, wasu an gyara su an miƙar, rubutunsu na nan ana karantawa. Katakon ya ruɓe ko an kwashe, aikin mutanen Bartne ne kaɗai ya rage yana faɗin wa ke da wace gona. Na tsinci tuffa ɗaya na goge a riga na gatsa, tsami kamar tsamiyar biri. Abokina ya ce irin wannan kufai ba su ƙirguwa a yankin, a wasunsu kamar Radocyna da Lipna an kafa ƙofar katako ita kaɗai a fili, ba bango ba rufi, don mai wucewa ya san ya shigo gari.

Da dare, bayan na wanke safa na shanya a jikin murhu, Dido ya ba da labarin da kansa, abokina na fassarawa. Kashi biyu aka yi abin. Daga 1944 zuwa 1946, bisa yarjejeniyar musayar jama'a da Tarayyar Sobiyet, aka tura mafi yawan Lemko zuwa Yukren, da farko da daɗin baki, daga baya da tilas. Waɗanda suka rage sai aka zo musu da abin da ake kira Akcja Wisła, wanda aka fara ranar 28 ga Afrilu 1947. Hujjar gwamnatin kwaminis ita ce murƙushe mayaƙan sunƙuru na Yukren, bayan an kashe Janar Karol Świerczewski na sojan Folan a watan Maris. Aka kwashe mutum wajen 140,000, 'yan Yukren da Lemko, har da ƙauyukan da ba ruwansu da yaƙin, aka watsa su a yankunan yamma da arewa da aka karɓe daga Jamus. Da gangan aka warwatsa su, gida kaɗan a nan, kaɗan a can, don kada su sake zama jama'a. Wanda aka zarga kuma sai sansanin Jaworzno.

Shi yana ɗan shekara bakwai. Abin da ya riƙe shi ne sojoji sun zo da sassafe sun ba da 'yan sa'o'i, uwarsa ta tsaya tana rarraba ido tsakanin tukwane da hotunan tsarkaka, ubansa kuma ya ɗaga dutsen niƙa zai sa a keke, ya ga in ya sa shi ba wurin buhun hatsi, ya mayar ya ajiye. Kwanaki suka yi a tarago da saniyarsu. Gidan da aka ba su a yamma na bulo ne, ya fi nasu girma, amma ba tagogi ba ƙofa, waɗanda suka riga su isa sun ɓalle komai. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ko ɗaya. Ya ce kakarsa kullum da yamma sai ta fita bayan gida ta tsaya tana duban kudu maso gabas, har ta rasu.

Bayan 1956 aka ɗan sassauta, wasu suka samu dawowa. Kaɗan ne ƙwarai, domin wata doka ta 1949 ta riga ta mai da gonaki da dazuzzukansu na gwamnati, gidaje da yawa kuma an ba wasu. Uban Dido sai da ya sayi gidan da ya gina da hannunsa daga wanda ya tarar a ciki. Bartne na cikin ƙauyuka ƙalilan da waɗanda suka dawo suka yi yawan da har suka sake zama masu rinjaye, shi ya sa har yau za ka ji harshen a bakin yara a kan hanya. Kafin yaƙi mutanen ƙauyen sun kai wajen dubu. Majalisar dattawan Folan ta yi tir da korar a 1990, dokar 2005 ta amince da Lemko a matsayin ƙabila mai haƙƙinta, a ƙidayar 2011 kuma mutum dubu goma da 'yan kai ne suka ce su Lemko ne. Duk shekara a watan Yuli suna haɗuwa a Zdynia, daga yammacin Folan da Yukren da Sulobakiya da Amurka, su hura babbar wuta da suke kira watra, a yi kwana uku ana waƙa. Dido ya ce dajin kakansa dai har yau bai dawo ba.

Na tambaye shi sana'ar dutse fa? Ya buɗe tafin hannu. Masu ita sun watse, wasu Yukren wasu yamma, inda ba dutsen sarawa, ga injin niƙa ya zo, ga siminti. Na ce dutsen da muka gani da safe a cikin ciyawa, shi ne wanda ubansa ya ajiye? Ya ce shi ne. Da suka dawo sun same shi a inda aka bar shi, ba wanda ya ga amfanin ɗaukarsa.

Da safe Baba ta cika mini leda da tuffa na gonarta, masu zaƙi, ta ce kada in je in ce wa mutanenmu tuffan Lemko tsami gare su. Ta ƙara da kwalbar zuma. Wannan karon tun kafin lokaci da rabin sa'a ina tsaye a bakin hanya, takalmina ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa, hazo bai gama tashi daga kan Magura ba. Dido ya rako mu da sandarsa. Da motar ta tsaya ya riƙe hannuna ya faɗi wata magana, abokina ya yi dariya ya ce wai in na koma gida in gai da Babana, kowanne daga ciki.